Haɗin Gwiwar Hukumomi da Ƙungiyoyi Wajen Kula da 'Yan Gudun Hijira: Misali Daga Jumhuriyar Nijar

1.0 Gabatarwa

Abin da wannan takarda za ta yi ƙoƙarin dubawa shi ne yadda hukumomi da ƙungiyoyi dabam-dabam suke haɗa hannu wajen kula da 'yan gudun hijira a cikin ƙasa guda, da kuma wuraren da wannan haɗa hannu yake da rauni. Na zaɓi Jumhuriyar Nijar ta zama misali, domin kuwa ƙasa ce wadda, duk da ƙarancin abin hannunta, ta karɓi baƙi daga kusan kowace kusurwa: daga Mali tun 2012, daga arewa maso gabashin Nijeriya tun 2013, daga Libiya tun 2017, sa'an nan daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina tun 2019. Har ila yau, da yawa daga cikin mutanen da ake magana a kansu danginmu ne na jini da harshe, saboda haka al'amarin bai yi mana nisa ba.

Ra'ayin da zan kare shi ne cewa aikin dukkan ƙungiyoyin nan, kome yawansu kome kuɗinsu, ya rataya ne a kan abu guda, watau matsayin da hukumar ƙasa ta ba baƙo da kuma rajistar da aka rubuta sunansa a ciki. Inda aka warware wannan da wuri, sauran aiki yakan tafi. Inda aka bar shi a rataye kuwa, tarurruka da yarjejeniyoyi ba su hana rikici.

2.0 Matsayin ɗan gudun hijira a idon doka

A bakin jama'a, duk wanda tashin hankali ya raba da gidansa ɗan gudun hijira ne. A wajen doka abin ya fi haka ƙunci. Yarjejeniyar Janiba ta 1951, wadda aka faɗaɗa ta a 1967, ta taƙaita kalmar a kan mutumin da ya tsallake iyakar ƙasarsa saboda tsoro mai tushe na cewa za a zalunce shi don launinsa ko addininsa ko asalin ƙasarsa ko rukunin jama'ar da ya fito ko ra'ayinsa na siyasa. Sashe na 33 na wannan yarjejeniya ya hana a mayar da irin wannan mutum inda ransa ko 'yancinsa yake cikin haɗari.

To, manomin da 'yan bindiga suka ƙone wa rumbu a ƙasar Sabon Birni ba lalle ne ya iya nuna cewa shi aka nufa don addininsa ko ra'ayinsa ba. A nan ne yarjejeniyar Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka, wadda aka sa wa hannu a Adis Ababa a 1969, ta yi amfani, domin ta ƙara da duk wanda mamaya ko mulkin baƙi ko wani babban hargitsi da ya dagula zaman lafiya ya tilasta wa barin ƙasarsa. Yarjejeniyar ta kuma nemi a zaunar da baƙin nesa da iyakar ƙasar da suka baro, gwargwadon hali. Za mu ga tasirin wannan sharaɗi idan mun zo kan Maraɗi.

Nijar ta amince da waɗannan yarjejeniyoyi duka, ta kuma kafa dokarta ta cikin gida a 1997. Dokar ce ta samar da Hukumar Tantance 'Yan Gudun Hijira ta Ƙasa, a ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida. Ita ke sauraron mai neman mafaka ta yanke hukunci, wanda aka ƙi kuma yana da damar ɗaukaka ƙara. Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda daga nan zan riƙa kira Hukumar Majalisa don sauƙi, tana ba da shawara da horo da kayan aiki, amma ba ita ke da wuƙa da nama ba. Wannan batu ne da su kansu baƙin sukan jahilta, su ɗora wa Hukumar Majalisa laifin jinkirin da ba a hannunta yake ba.

Hanyoyi biyu ne ake bi wajen ba da matsayin. Akwai tantance mutum ɗai-ɗai, inda ake zama da shi a ji labarinsa, a auna shi da sharuɗɗan doka. Akwai kuma karɓa a dunƙule, inda gwamnati kan ce duk wanda ya fito daga wuri kaza a lokaci kaza an ɗauke shi ɗan gudun hijira, sai in an sami hujjar da ta nuna akasin haka. Ta hanya ta biyu aka karɓi mutanen Mali a 2012, haka kuma a 2020 gwamnati ta ba 'yan Nijeriya da rikici ya koro irin wannan matsayi.

3.0 Rabon aiki

Idan aka ce haɗin gwiwa, abin da ake nufi a aikace shi ne rabon aiki. Gwamnati ke ba da izinin zama da fili da tsaro. Hukumar Majalisa ke jagorantar tsara aikin tare da gwamnati, ita ke neman kuɗi, ita kuma ke taimakawa wajen rajista. Hukumar Abinci ta Duniya ke kawo hatsi da mai da wake ko kuɗin sayensu, kuma akwai daɗaɗɗiyar yarjejeniya tsakaninta da Hukumar Majalisa cewa idan baƙi sun kai mutum 5,000 a ƙasa, ciyarwa ta koma wuyanta. Asusun Kula da Yara yakan shiga harkar ruwa da rigakafi da makaranta. A ƙasan waɗannan sai ƙungiyoyi masu zaman kansu, na waje da na gida, waɗanda su ne ke haƙa rijiya, su zauna a ɗakin shan magani, su raba tabarma da gidan sauro. Galibi kuɗin da suke aiki da shi daga manyan hukumomin yake gangarowa, bisa yarjejeniyar shekara-shekara.

Abin lura a nan shi ne kowane ɗaya daga cikinsu da jerin sunaye yake aiki. Mai rabon abinci ba zai ɗora buhu a mota ba sai ya san yawan bakunan da za su ci. Mai gina aji yana son adadin yara. Idan kowace ƙungiya ta yi nata ƙidayar, sai a sami gida guda ya karɓi rabo sau biyu, maƙwabcinsa ya tashi a tutar babu. Wannan ne ya sa aka koma ga rajista guda mai ɗaukar hoton yatsu da na ƙwayar ido, wadda gwamnati da Hukumar Majalisa ke gudanarwa tare.

4.0 Difa: inda aka rasa gane baƙo da ɗan gida

Jihar Difa ce ta fara nuna wahalar wannan tsari. Bayan da 'yan Boko Haram suka kama Damasak a watan Nuwamba na 2014, dubban mutane suka tsallake kogin Komadugu Yobe. A watan Fabrairu na 2015 aka kai hari Bosso da garin Difa kansa, a watan Yuni na 2016 kuma aka sake afka wa Bosso. Daga nan mutanen ƙauyukan bakin kogi su ma suka tashi, suka yi bukkoki a gefen babbar hanyar kwalta ta ƙasa mai lamba ɗaya. An buɗe sansani a Sayam Foraj, amma mafi yawan jama'a ba su shiga ba.

Sai aka wayi gari da mutane iri uku a zaune wuri guda. Akwai 'yan Nijeriya, waɗanda su ne 'yan gudun hijira a idon doka. Akwai 'yan Nijar da suka daɗe da zama a Barno suka dawo. Akwai kuma 'yan Nijar da ba su taɓa barin ƙasarsu ba, ƙauyensu kawai suka bari. Harshensu ɗaya, sau da yawa zuriyarsu ma ɗaya, kuma mafi yawansu ba su da takardar haihuwa ko katin ɗan ƙasa da za a bambanta su da shi. Amma a tsarin Majalisar Ɗinkin Duniya, jagoran aikin 'yan gudun hijira dabam, jagoran aikin waɗanda suka rasa matsuguni a cikin ƙasarsu dabam. Na farko yana hannun Hukumar Majalisa. Na biyu, tun gyaran da aka yi a 2005, an kasa shi rukuni-rukuni, kamar rukunin lafiya da na ruwa da na abinci, a ƙarƙashin Ofishin Daidaita Ayyukan Jinƙai. Hukumomin biyu sun fitar da takardar fahimtar juna a 2014 a kan irin wannan cakuɗaɗɗen hali, amma takarda a Janiba ba ta gaya wa ma'aikacin da ke tsaye a gaban rijiya wanda zai fara ba guga.

Abin da hankali ya kai ga yi a ƙarshe shi ne a riƙa duba buƙatar mutum wajen ba da agaji, a bar maganar matsayinsa ga masu rajista. Gwamnati kuma ta kafa dokar kare waɗanda suka rasa matsuguni a cikin gida a watan Disamba na 2018, ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta mayar da Yarjejeniyar Kampala ta 2009 dokar ƙasa.

A matsayina na malamin kwalejin horar da malamai, ba zan wuce Difa ba tare da taɓa batun makaranta ba. Yaron da ya kai aji biyu na sakandare a Damasak da Ingilishi ya yi karatu, makarantar da ya tarar a Difa kuwa da Faransanci take koyarwa. Ko dai ya koma ajin farko ya zauna da ƙannensa, ko ya bar karatu. Maganin da aka samo shi ne buɗe cibiyoyin karatu masu bin manhajar Nijeriya, waɗanda ƙungiyar COOPI ta ƙasar Italiya ta gudanar da tallafin Hukumar Majalisa, domin ɗalibai su iya zama jarrabawar ƙasarsu. Wannan ƙaramin aiki ne idan aka kwatanta da rabon abinci, amma sai da ya buƙaci yardar hukumomin ilmi na ƙasashe biyu. A ganina irinsa ne ma'aunin haɗin gwiwa na gaskiya, domin babu ƙungiyar da za ta iya yinsa ita kaɗai ko da ta so.

5.0 Maraɗi: garuruwa a maimakon sansani

Daga 2019 hare-haren 'yan bindiga suka koro jama'ar Sabon Birni da Isa da makwabtansu zuwa ƙasar Gidan Rumji da Madarunfa. Hukumar Majalisa ta ba da adadin fiye da mutum 40,000 a watan Satumba na wannan shekara, ta kuma ce wasu 23,000 sun ƙaru a watan Afrilu na 2020 kaɗai.

Masu sauraro sun san tarihin wannan yanki. Katsinawan da suka bar birninsu bayan jihadi su ne suka kafa sarautar Maraɗi, Gobirawa kuma suka zauna a Tsibiri. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata a farkon ƙarni na ashirin ta ratsa ta tsakiyar dangi ne. Saboda haka kafin motar kowace ƙungiya ta iso, masu unguwanni da dagatai da matan gida sun riga sun buɗe zaure da rumbu. Su ne ƙungiyar agaji ta farko, ko da yake ba a rubuta sunansu a jerin masu ba da taimako. Amma Bahaushe da ya ce baƙo raɓa ne, baƙon kwana uku yake nufi. Wanda ya zo da mata da 'ya'ya, ya shekara bai ga hanyar komawa ba, ya fi ƙarfin rumbun talaka.

Darasin Difa da na sansanonin mutanen Mali ya sa gwamnati da Hukumar Majalisa suka guji kafa sansani. A maimakon haka aka zaɓi garuruwa uku da ke nesa da iyaka, watau Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, aka yanka wa baƙi filaye a gefensu. Hikimar ita ce duk abin da za a gina, famfo ne ko aji ko ɗakin shan magani, na garin ne baki ɗaya, baƙo da ɗan gari su yi amfani da shi, kuma ma'aikatun gwamnati su riƙe shi a lissafinsu. Wannan ya dace da manufar Yarjejeniyar Duniya Kan 'Yan Gudun Hijira ta 2018, ya kuma dace da shirin dala miliyan 80 da Bankin Duniya ya amince wa Nijar a wannan shekara don tallafa wa baƙi da masu masaukinsu tare.

Sai dai baƙi da yawa sun gwammace su zauna a ƙauyukan bakin iyaka, kusa da dangi, inda mutum zai iya lallaɓawa ya duba gonarsa da damina ya dawo. Masu tsara aiki suna kallon haɗari, manomi yana kallon shuka, kuma kowannensu yana da gaskiyarsa. Sakamakon haka aiki ya rabu biyu, agaji ya fi taruwa a garuruwa uku, alhali jama'a suna warwatse a ƙauyuka masu yawa inda nauyin yake kan masu masauki.

6.0 Agadas: inda tantancewa ta yi jinkiri

A Difa da Maraɗi an karɓi mutane a dunƙule, saboda haka maganar matsayi ba ta tsayar da aiki ba. A Agadas labarin ya sha bamban. Daga ƙarshen 2017 'yan Sudan, galibinsu mutanen Darfur, suka riƙa gangarowa daga Libiya suna neman mafaka. Su ba a ba su matsayi a dunƙule ba, dole a tantance kowa shi kaɗai, ga shi kuma hukumar tantancewa a Yamai take, tafiyar kusan kilomita dubu.

A daidai wannan lokaci, daga watan Nuwamba na 2017, an fara wani shiri na kwaso mutane daga gidajen tsare baƙi na Libiya ta jirgin sama zuwa Yamai, su jira a kai su ƙasashen Turai da Kanada. Shirin ya dogara ne ga alkawarin waɗannan ƙasashe, kuma da suka yi sanyin jiki wajen ɗauka, gwamnatin Nijar ta dakatar da shi na ɗan lokaci a 2018. Mutanen Agadas kuwa, da suka zo da ƙafarsu, suna ganin waɗanda aka kawo a jirgi suna wucewa, su suna zaune. A watan Mayu na 2018 hukumomi suka mayar da fiye da mutum ɗari daga cikinsu iyakar Libiya, abin da ya saɓa wa sashe na 33 da muka ambata. Daga baya aka kafa musu cibiya a bayan gari. A ƙarshen 2019 suka yi zaman dirshan a ƙofar ofishin Hukumar Majalisa, jami'an tsaro suka tarwatsa su a farkon watan Janairu na 2020, aka ƙone mafi yawan ɗakunan cibiyar, aka kama fiye da mutum 300.

Ba a rasa ƙungiyoyi a Agadas ba. Akwai masu ba da abinci da masu magani, akwai kuma Hukumar Ƙaura ta Duniya mai kula da matafiyan da ke son komawa gida, wadda ke miƙa masu neman mafaka ga Hukumar Majalisa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne amsa. Mutumin da bai san ko an karɓe shi ko an ƙi shi ba, ba zai yi shuka ba, ba zai koyi sana'a ba, kuma duk wanda ya zo masa da kwanon abinci zai ɗauke shi mai tsaron kurkuku ne. Ina ganin da an kashe wani kaso na kuɗin tanti wajen ɗaukar masu tantancewa da tafintoci na dindindin a Agadas tun 2018, da wutar ba ta kai haka ba.

7.0 Izini da kuɗi

Saura abubuwa biyu da ke iya tsinka igiyar daga sama. Na farko izinin hukuma. Bayan kisan ma'aikatan ƙungiyar ACTED a Kure a watan Agusta na 2020, an tsananta sharaɗin rakiyar soja ga ma'aikatan agaji, abin da ya ƙara tsada, ya kuma sa wasu ƙungiyoyi cikin tsaka mai wuya, domin ƙa'idarsu ta hana su bayyana a matsayin 'yan wani ɓangare. Juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya jawo takunkumi da rufe iyakoki, kayan agaji suka maƙale a hanya. A watan Nuwamba na 2024 gwamnati ta janye izinin ACTED da na wata ƙungiyar gida mai suna APBE, wadda ta daɗe tana aiki da Hukumar Majalisa a wuraren zaman baƙi. A watan Fabrairu na 2025 aka umarci Kwamitin Red Cross na Duniya ya bar ƙasar. Kowace ƙasa tana da ikon zaɓar wanda zai yi aiki a cikinta, wannan ba abin gardama ba ne. Amma tun da aiki a rabe yake, ranar da aka cire mai riƙe da ɗakin magani, mai rabon abinci ba zai zama likita ba.

Na biyu kuɗi. Kusan dukkan tsarin da gudummawar ƙasashen waje yake tafiya, kuma da Amurka ta zabtare agajinta a 2025, hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya sun rage ma'aikata da ayyuka a ko'ina. Idan kuɗi ya ragu a sama, ƙungiyar gida mai yarjejeniyar shekara guda ita ke fara sallamar ma'aikata, alhali ita ce mai jin harshen jama'a, ita ce kuma ta san gidan mai unguwa.

A nan ne amfanin tsarin Maraɗi ya fito. Ajin da aka gina a Cadakori, in yana cikin lissafin ma'aikatar ilmi kuma malaminsa yana karɓar albashi daga baitulmali, zai ci gaba da aiki ko ƙungiyar da ta gina shi ta naɗe tabarmarta. Famfon da aka damƙa wa kwamitin gari, aka koya wa wani saurayi gyaransa, haka nan. Shawarar da zan gabatar wa wannan taro ita ce a nemi kowace yarjejeniya tsakanin babbar hukuma da ƙaramar ƙungiya ta faɗi tun ranar sa hannu ma'aikatar gwamnati ko majalisar gari da za ta gaji aikin, kuma a ba sarakuna da wakilan baƙin kujera a zauren da ake raba aiki a matakin jiha, su ji adadin da aka rubuta, su faɗi ƙauyen da aka tsallake.